Liman ya ce sai an kawo lasisin aure daga kaunti, kuma ta yaya za mu gane ko mutumin ya taɓa aure a Amurka?

Wata 'yar uwa ce ta turo min tambayar daga Kano, bari in taƙaita ta. Ƙanwarta na karatu a Columbus ta jihar Ohio, wani ɗan gida da ya daɗe a Amurka ya fito neman aurenta, manya sun shiga maganar har an sa rana. Limamin masallacin da za a ɗaura auren a can ya ce shi ba zai ɗaura ba sai sun kawo masa lasisin aure daga kaunti, wato ƙaramar hukumar can. Baba ransa ya ɓaci, ya ce tun yaushe ake neman izinin hukuma kafin a raya sunna. Ga kuma raɗe-raɗin da ke yawo cewa mutumin ya taɓa aure lokacin da yake zaune a Houston ta jihar Texas, shi kuma ya ce sam ba a yi haka ba. Tana son sanin mene ne wannan lasisin, sannan ko akwai hanyar da za su bi su bincika da kansu.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri ya sa a yi da mu. Na shekara da shekaru ina aiki a ofishin lauyan shige da fice nan Ohio, ina kuma yi wa mutanenmu tafinta a kotu da asibiti, toh abin da zan faɗa miki abu ne da nake gani kusan kullum. Da farko dai ki ba Baba haƙuri, ki ce masa limamin nan gata ya yi wa 'yarsa, wallahi da duk limamanmu haka suke yi da hawayen mata da yawa bai zuba ba. Na fahimci Baba sarai, don a gida Najeriya in waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an biya sadaki, shaidu sun shaida an shafa fatiha, shi ke nan aure ya ɗauru a wurin Allah da wurin hukuma, alƙalin kotun shari'a ba zai ce ina takarda ba kafin ya saurari maganar gado ko ta saki. Nan ba haka ba ne. Nan, in a ƙasar aka ɗaura, galibi hukuma ba ta san da zaman aurenki ba sai in yana cikin littafin kaunti, kuma duk wani haƙƙi na matar aure, gado ne, inshorar lafiya ta wurin aikin miji ce, kuɗin da gwamnati ke ba wadda mijinta ya rasu ne, takardun zama ne, duk a kan wannan rubutun suke rataye.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. Ta shigo ofishinmu da goyo, ba ta ma fita takaba ba, mijinta direban babbar mota ne ya yi hatsari ya rasu. Ta zaro takarda daga cikin leda, ta lanƙwashe ta gida huɗu, takardar masallaci ce mai koren zane a gefe da sa hannun liman da na shaidu biyu, shekara shida suna tare da yara biyu. Ina fassara wa lauya tana kallon bakina. Da muka bincika sai ga shi ba a taɓa yankar lasisi ba, kuma matar da ya aura tun farkon zuwansa ƙasar, wadda kowa ya ɗauka sun rabu tuntuni, ba a taɓa kashe aurensu a kotu ba. A idon doka waccan ce matarsa. Yaran dai sun samu rabonsu don 'ya'yansa ne, amma ita uwar da ta yi jinya ta yi wanki ta yi girki, ba ta da suna a ko'ina. Ni ce na faɗa mata da Hausa, har yau in na tuna yadda ta ce "to yanzu ni mece ce ɗinsa" sai jikina ya yi sanyi. Shi ya sa in aka zo wannan maganar ba na sassautawa.

Toh mene ne lasisin. Kin ga a Amurka aure ba hurumin gwamnatin tarayya ba ne, kowace jiha da dokarta, aikin rubutawa da ajiyewa kuma an bar wa kaunti, wato kamar ƙaramar hukuma a wurinmu, sun haura 3,000 a faɗin ƙasar, Ohio kaɗai tana da 88, Texas 254. Takardu biyu ne mutane ke haɗawa su rikice. Lasisi shi ne izinin da ake karɓa kafin aure, yana cewa waɗannan mutum biyun babu abin da ya hana su aure a doka. Satifiket kuma shi ne shaidar cewa an ɗaura, yana fitowa ne bayan wanda ya ɗaura auren ya sa hannu ya mayar da takardar ofishin da ya bayar. In an karɓi lasisi aka ajiye a durowa ba a mayar ba, akwai sauran aiki. Sunan ofishin ma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a Ohio da Georgia wurin Probate Court ake zuwa, wato kotun da ke kula da gado da wasiyya, a Texas da Illinois da California ofishin County Clerk ne, magatakardan kaunti ke nan, a North Carolina inda 'yan uwanmu na Nijar suke da yawa a Greensboro, Register of Deeds ne, a birnin New York kuma ofishin City Clerk.

Ga ƙanwarki abin mai sauƙi ne. Columbus tana cikin Franklin County, kuma dokar Ohio ta ce mazaunin jihar ya nemi lasisi a kauntin da ɗayansu yake zaune, daga nan za a iya ɗaura auren ko'ina a cikin jihar. Waɗanda duk su biyun ba mazauna Ohio ba ne su kuma sai a kauntin da za a ɗaura. Za su fara cike fom a shafin kotun na intanet, sannan su je tare, ƙafa da ƙafa, ba a aike ba a wakilci, wannan ki jaddada wa su Baba don mu mun saba ango yana gida wakilinsa na masallaci. Kowa ya riƙe shaidarsa mai hoto, fasfo ya isa, ba a cewa sai ɗan ƙasa ko mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ne zai yi aure. Wanda ke da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji, zai bayar, wanda ba shi da ita ya faɗa musu ba shi da ita, kar ya ari ta wani kar ya ƙirƙira. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, a yawancin wurare bai kai dala 100 ba, a birnin New York dala 35 ne, a North Carolina dala 60, su dai duba shafin kotun kafin su fita don wani ofishin kati yake karɓa wani kuma tsaba. Gwajin jini da ake yi a da an daina, Montana ce ta ƙarshe ta soke nata a 2019, amma ni ina ba mutanenmu shawara su je asibiti da kansu su yi gwajin jinotayif da sauran gwaje-gwajen da muka saba yi a gida, don a nan babu wanda zai tuna musu maganar sikila.

A gaban kantar ofishin, ma'aikaciyar za ta sa su ɗaga hannun dama su yi rantsuwa cewa abin da suka rubuta gaskiya ne, ba a kawo wani littafi a dafa, kar wannan ya dame ku. Za a tambayi suna da shekaru da inda aka haife ka da sana'a da sunan uba da sunan uwa na gidansu, wato sunan mahaifinta, nan ne 'yan uwanmu ke tsayawa suna kallon juna don wani bai taɓa furta cikakken sunan mahaifiyarsa ba saboda kunya, toh su shirya shi tun daga gida. Sai kuma babbar tambayar da ta shafe ku, ka taɓa aure? In ya taɓa, dokar Ohio na buƙatar sunan wadda ya aura, da yaran da ba su balaga ba in akwai, da kotun da ta raba auren da ranar da lambar shari'ar, kuma gara ya zo da kwafin hukuncin a hannu. Ƙarya a wannan wurin ƙarya ce bayan rantsuwa, laifi ce mai zaman kanta. Ki ce wa ƙanwarki ta buɗe kunne da kyau a daidai wannan gaɓar, ta kuma karanta fom ɗin da idonta kafin ta sa hannu, kar kunya ta sa ta sunkuyar da kai.

Rubutun suna kuma dan Allah a kula. Yadda yake a fasfo haka za a rubuta, harafi da harafi, in Aishatu ne a fasfo kar a sa Aisha, in Mohammed ne kar a sa Muhammad. Ranar haihuwa kuma nan wata ake fara rubutawa kafin rana, wanda aka haifa 3 ga Yuli in ya rubuta irin na gida sai ya koma ɗan 7 ga Maris. Na ga fayil ɗin da ya yi watanni a tsaye saboda wannan kawai. Gyara a kanta minti biyu ne, gyara bayan an shigar littafi kuwa sai an cike wasu takardun, wani lokacin har sai an je gaban alƙali. Kuma babu dokar da ta tilasta wa mace ɗaukar sunan miji, tana iya ci gaba da amsa sunan mahaifinta kamar yadda addini ya tanada.

Lokaci ma abin lura ne tunda kun sa rana. A Ohio babu jira, yau ka karɓa yau za a iya ɗaurawa, amma lasisin kwana 60 yake yi ya mutu, saboda haka kar a yi gaggawar karɓa wata uku kafin biki. Sauran jihohi kowa da nasa, New York sai an jira awa 24 shi ma kwana 60 ne, Texas awa 72 ake jira lasisin kuma kwana 90, Maryland kusan kwana biyu ake jira kuma dole a karɓa a kauntin da za a ɗaura. Na faɗi waɗannan ne saboda masu karatu da ke wasu wurare, kar wani ya ji na Ohio ya ɗauka ko'ina haka ne.

Sai shi wanda zai ɗaura. Ba kowane malami ne sa hannunsa ke aiki ba. A Ohio dole limami ya yi rajista da ofishin Secretary of State, wato sakataren jihar, ya karɓi izinin ɗaura aure, kuma akwai wurin duba sunayensu a shafin ofishin, kyauta, ki sa sunan liman ki gani. A birnin New York ma sai wanda ya yi rajista da City Clerk. Tunda limaminku da kansa ya nemi lasisi alama ce ya san aikinsa, amma dubawa ba ta ɓata komai. In an tashi ɗaurawa ana yin komai yadda addini ya ce, waliyyi ko wanda ya wakilta, sadaki, shaidu, siga, babu abin da takardar kaunti ta rage a ciki, liman ya gama ya cike nasa gurbin ya sa hannu, doka ta ba shi kwana 30 ya mayar wa kotun. Nan ne ake yawan yin sakaci, biki ya ɗauke hankalin kowa, takarda na cikin aljihun babbar rigar wani. A sa mutum ɗaya tsayayye a kan wannan aikin, bayan sati biyu ƙanwarki ta kira kotun ko ta duba shafinsu ta tabbatar an shigar, sannan ta sayi kwafi mai hatimi kamar uku, kuɗinsu kaɗan ne. Ɗaya a hannunta ita kanta, ba a jakar miji ba, ba don zargi ba, don takardarta ce.

In kuma Baba ya fi son a ɗaura a Kano a ƙofar gida a raba goro da alawa kamar yadda aka yi wa yayyenta, wannan ma babu laifi, sai dai akwai abin da ya kamata ku sani. Amurka na amincewa da auren da aka ɗaura a wata ƙasa matuƙar ya inganta a dokar can, amma dokar shige da fice ta ce auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya ba ya ƙirguwa sai an nuna sun tare bayan ɗaurin. Irin namu na wakilai kin ga ya faɗa ciki. Sannan in an riga an ɗaura a Kano, ranar da suka je kanta aka tambaye su ko suna da aure amsar ta rikice, ga ranakun aure biyu a takardu. Abin da na ga ya fi tsafta shi ne a karɓi lasisin tukuna, a daidaita rana ɗaya, a ɗaura a gida, shi kuma liman na nan ya tara su da shaidu a ranar ya cika nasa, ko kuma su zauna da lauya kafin a yi komai ya faɗa musu ranar da za su riƙe.

Wani abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa saboda mu Hausawa ne, auren zumunci. In mutumin nan ɗan wan Baba ne ko ɗan ƙanwar Mama, wato 'ya'yan wa da ƙani, Ohio ba ta ba da lasisi, dokarta ta hana duk wanda kusancinsu ya kai haka. Texas ma ta hana. New York da Maryland da California da Georgia sun yarda. In akwai irin wannan dangantakar kar a ɓoye a kanta, a nemi lauya tun wuri.

Yanzu maganar bincike, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Gaskiyar magana babu wani rumbu guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya da za ki sa sunan mutum ya nuna miki duk auren da ya taɓa yi. Babu shi. Shafukan nan da ke cewa biya dala kaza mu tono miki asirin kowa, tarkacen bayanai suke tattarowa, wani daidai wani na wani mai irin sunan ne, kar ki kashe aure ko ki ɗaura shi a kan abin da suka ce. Bincike na gaskiya kaunti-kaunti ake yin sa, kuma rikodin yana kauntin da aka yanki lasisin ne, ba lallai inda aka yi biki ba. Don haka abu na farko ki samo jerin garuruwan da ya zauna da shekarun, da cikakken sunansa yadda yake a takardunsa na nan, da ranar haihuwa, ƙanwarki za ta iya samo wannan cikin hira ba tare da tashin hankali ba.

Houston yawancinta a Harris County take. Ki shiga shafin Harris County Clerk, akwai wurin binciken rikodin aure, kyauta ne, daga Kano ma za ki iya gwadawa da wayarki, in shafin ya ƙi buɗewa daga waje ƙanwarki ta yi daga nan. Ana sa sunan ƙarshe sannan na farko. Ki gwada duk yadda za a iya rubuta sunan, Abdullahi da Abdulahi da Abdallah, Usman da Othman da Ousmane, ki kuma juya su don sau da yawa ma'aikata na ɗaukar sunan uba a matsayin na farko. In ya fito za ki ga sunan matar da ranar da lambar fayil, da wannan lambar ake neman kwafi. Kar ki tsaya a Harris kaɗai, garin ya bazu har cikin Fort Bend da Montgomery, kuma a Texas mutum na iya yankar lasisi a kowace kaunti ya yi aure da shi a ko'ina cikin jihar. Abin da zai rage miki wahala shi ne ma'aikatar lafiya ta jihar Texas, sashen Vital Statistics, tana da jerin aurarrakin jihar duka tun daga 1966 da na saki tun daga 1968, ana biyan kuɗi kaɗan su ba da wasiƙar tabbatarwa cewa an samu ko ba a samu ba. Wasiƙar ba satifiket ba ce, amma za ta nuna miki kauntin da za ki dosa. Sai dai sabon aure yakan ɗau lokaci kafin ya shiga jerin jihar.

In kin samu aure, aiki bai ƙare ba, don taɓa aure ba laifi ba ne, abin tambaya shi ne an rabu a kotu ko ba a rabu ba. Saki a wani ofishin daban yake, a Texas wurin District Clerk, wato magatakardan kotu, ake dubawa, a Ohio kuma wurin Clerk of Courts, ɓangaren shari'ar iyali. Abin da kike nema shi ne hukuncin ƙarshe mai sa hannun alƙali. Shigar da ƙara ba saki ba ne, na sha ganin fayil da aka buɗe aka watsar, kotu ta kore shi, mutum na yawo yana cewa ai mun rabu. Haka nan "na sake ki" da baki ko a takarda ko a gaban liman, a addini ya yi, amma a nan bai kashe auren da ke littafin kaunti ba. Wanda ya ɗaura wani a kan wannan ya yi aure kan aure, laifi ne a duk jihohin ƙasar, a Texas ma babban laifi ne, kuma na biyun ba shi da inganci, wato ƙanwarki ce za ta tashi a tutar babu. Wannan ya haɗa da matar da ke gida. In yana da mata a Kano ko Zinder ko Kumasi da aka ɗaura musu aure sahihi, Amurka na ƙirga ta a matsayin matarsa, ba zai iya ƙara ta biyu a takarda ba ko da addini ya halatta masa. Wannan binciken kuma ba na kwamfuta ba ne, naku ne na gida, a tura mutum unguwarsu ya yi tambaya kamar yadda iyayenmu ke yi.

Sannan ko ba ki ga komai ba kar ki saki jiki gaba ɗaya, ga dalili. Texas na cikin jihohi ƙalilan da har yanzu ke amincewa da auren da ba a rubuta ba, in mace da namiji suka yarda su ma'aurata ne, suka zauna tare a jihar, suka kuma nuna wa jama'a haka, doka na iya ɗaukarsu mata da miji ba tare da lasisi ba. Kin ga wanda aka ɗaura masa a masallaci a Houston ya zauna da matar shekara biyu yana cewa iyalina, zai iya shiga wannan layin alhali sunansa ba ya cikin kowane littafi. Ohio ta rufe wannan ƙofar tun 1991. California kuma tana da wani lasisi na sirri da ba a nuna wa kowa sai ma'auratan ko da umarnin kotu. Ga Las Vegas, a Clark County ta jihar Nevada, inda ofishin lasisi ke buɗe har tsakar dare kullum kuma babu jira, mutane da yawa can suke zuwa su yi a gurguje, shafinsu na da wurin bincike, ki leƙa shi ma ba ya cin komai. A wasu wuraren kuma irin birnin New York rikodin da bai kai shekara 50 ba ba a ba kowa sai masu shi ko lauyansu ko wanda ya nuna hujja.

Shi ya sa nake ganin hanya mafi gajarta ita ce a tambaye shi kai tsaye, ta bakin manya. Waliyyi na da haƙƙin ya ce ɗana, yaya aka yi ka samu takardun zama, in ta aure ne kawo mana hukuncin rabuwa mu gani. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba, ai shi ma in 'yarsa ce zai tambaya. Kuma ko ya ɓoye muku ba zai iya ɓoye wa hukumar shige da fice ba, don ranar da zai cike wa ƙanwarki fom I-130, wato takardar nema wa mata izinin zama, sai ya lissafa duk auren da ya taɓa yi ya haɗa da shaidar mutuwar kowanne, su kuma tsohon fayil ɗinsa na gabansu. Akwai ma wata doka da mutanenmu ba su cika sani ba, wanda ya samu girin kad ta hanyar aure, in bai zama ɗan ƙasa ba, ba a amince masa ya nema wa sabuwar mata sai ya shekara 5 da samun katin, sai fa in ya kawo hujja mai ƙarfi cewa auren farko na gaskiya ne ko kuma matar rasuwa ta yi. Wannan ya shafi ƙanwarki kai tsaye. Don haka kar ta bar makaranta ko ta yi wasa da bizar karatunta don an ɗaura aure, satifiket ɗin aure shi kaɗai ba ya ba mutum izinin zama, ta riƙe matsayinta har sai lauya ya ce ga inda aka kai.

In binciken ya fito fes, alhamdu lillahi, sai ku riƙe bakinku, kar a bar maganar ta koma gulma a dangi, mutum na da mutuncinsa. In kuma an ga wani abu, a kira shi a nuna masa a ji ta bakinsa tukuna, don suna na iya zuwa ɗaya, Musa Ibrahim nawa ne a Houston, a gwada ranar haihuwa da sunan tsakiya kafin a yanke hukunci.

Na ƙarshe, in kuna son amfani da satifiket ɗin a Najeriya, misali wajen biza ko wata hukuma, kwafi mai hatimin kaunti kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Akwai hatimin apostil da ƙasashen yarjejeniyar Hague ta 1961 ke karɓa a tsakaninsu, Najeriya ba ta ciki, don haka hanyar ita ce a kai ofishin Secretary of State na Ohio su tabbatar, sannan ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya, akwai a Washington da New York da Atlanta. Yana ɗaukar makonni, in za a buƙata a fara da wuri. Ki turo min garuruwan da ya zauna da shekarun ta saƙo, ba sai kin sa sunansa ba, zan faɗa miki kauntin kowanne da ofishin da za ki duba. Ki gaida min Baba da kyau, ki ce masa ranar ɗaurin aure in sha Allahu za a turo masa hoton takardar da sa hannun liman a jiki.